Muryar Baba Daga Bakin Ƙofa

Duk 'yan layin, Injiniya suke ce masa, alhali gyaran rediyo ya koya a bakin titi. Mutum ne da in ya je taro ya ji sauti na ƙeƙe-ƙeƙe, abincin ma ba ya shigarsa. Matarsa kan ce da lasifika na cin abinci, da ita da yara sun daɗe da ramewa.

Wata bakwai ke nan da rasuwar mahaifinsa, Baba, kuma tun ranar Mama ba ta sake furta kalma ba. Injiniya ya dawo da ita gidansa. Likita ya ce harshenta lafiya lau, kai ne ya fara rikicewa, in kuma aka bar ta a haka za ta yi ta nisa har ta daina gane kowa. Maganar nan ta tsaya masa a rai, tsoro yake ji wata safiya ta dube shi kamar baƙo.

Sai ya tuna da wani tsohon kaset da aka ɗauki Baba yana yi wa dangi nasiha a falon tsohon gidansu. Ya sa mata a lasifika biyu na gaba, muryar ta fito a bushe kamar daga cikin gwangwani. Ko ɗago kai ba ta yi ba.

Nan ya ɗauko sabuwar na'urarsa, wani ɗan baƙin akwati mai ƙaramin allo. Aikinta ta tsamo amon ɗakin da aka ɗauki sauti a ciki, ta jinkirta shi kaɗan, ta tura wa ƙananan lasifika biyu a bayan mai sauraro. Kunne sai ya rantse yana cikin wancan ɗakin. Ya wuni yana jan waya, ɗaya bayan labule, ɗaya saman ƙofa, har da awon inda kujerar Mama za ta zauna.

"Baban yara, anya kuwa?" in ji matarsa. "Ka bar tsohuwa ta huta mana."

"Ke dai zuba ido. Muryar mijinta ce ta shekara hamsin. In ba ta yi magana ba ki canza min suna."

Da la'asar ya zaunar da Mama, ya danna.

Ashe kafin nasihar akwai wasu ƙananan sautuka da a da suke ɓacewa cikin shuuu ɗin kaset. Yanzu na'urar ta fito da su tas, daga baya. Ƙofa ta buɗe. Takalmi ya ja ƙasa, taku uku. Makullai suka faɗi kan tebur. Sannan gyaran murya, daidai saitin ƙeya.

Shi kansa Injiniya, da furfurarsa, ya ji tsigar jikinsa ta tashi. Kafaɗunsa suka maƙale da kansu, kuma bai san dalili ba.

Mama ta miƙe zumbur, matar da sai an kama ta take tashi. Ta damƙe wuyan hannunsa, ta jawo shi bayanta, ta fuskanci ƙofar.

"Ni ce na fasa," ta ce, muryarta a dishe. "Ba yaron ba ne. Wallahi ni ce. Kada ka taɓa shi."

Ya laluba rimot, ya suɓuce ya shige ƙarƙashin kujera. Matarsa ce ta ruga ta zare wayar daga bango. Falon ya yi tsit.

"Mama, kaset ne fa," ya ce. "Baba ya rasu. Babu kowa a nan."

Ta toshe masa baki da tafin hannunta mai sanyi, idonta na kan ƙofar.

"Yi shiru, auta," ta raɗa masa. "In ka ji ya yi shiru haka, bel ɗinsa yake kwancewa."