Shanyar Inna a Ƙofar Otel

Ciyawar da na shuka a gaban otel ɗin ta fito tsilli-tsilli, kamar gemun sabon balaga. Aikina na farko ke nan tun da na gama sakandare, shi ma na gwaji.

Manaja ya tsaya a kanta, ya jefo wata kalmar Turanci da ban taɓa ji a aji ba. Na gyaɗa kai. Da ya wuce na duba a waya: tsiro jefi-jefi, marar cika, abin tausayi. Ashe har suna gare shi.

"Mai otel na zuwa ƙarshen wata," in ji Manaja. "In ya tarar da wannan, ka nemi wani wurin."

Na san ɓarnar kurciyoyi ce. In watsa iri da safe, kafin azahar sun tsince. Raga ce magani, babu ita a sito.

Na zauna bayan ɗakin wanki na yi tagumi. Inna mai wanki ta leƙo.

"Kai ɗan nan, wa ya mutu?"

"Ciyawa."

"Allah Ya jiƙanta. Tashi ka kama min nan."

Ƙunshin tsofaffin zannuwan gado ne, yagaggu, waɗanda aka daina shimfiɗa wa baƙi. Na sake watsa iri, muka rufe da su, muka danne da duwatsu, na yayyafa ruwa.

Sai ga Manaja. "Inna, shanya a ƙofar otel?"

"Ranka ya daɗe, igiyata ce ta tsinke. Ka sayo sabuwa in kwashe."

Igiyarta lafiya lau take. Ta dai san hannunsa ba ya saurin shiga aljihu. Kullum da safe ya yi mata faɗa, kullum ta tambaye shi igiya. Ni kuwa ina ta ban ruwa.

Ranar da muka yaye zannuwan, ƙasa ta yi kore shar, ba inda za ka sa yatsa. Mai otel ya zo, ya duba, ya ce a ɗinka min kayan aiki irin na sauran ma'aikata.

Ban iya dogon zance ba. Na shiga ɗakin wanki na ɗauki dutsen guga.

"Godiyar ke nan?" in ji Inna.

"I."

"To, kar ka ƙona min rigar mutane."