Wanda Iliya Yake Ce wa Kai

Shekara talatin da huɗu Mushe Ƙasimu ya yi yana gyara rubutun mutane da jan bik, wato biro, kuma ko bayan ya aje aikin koyarwa hannunsa bai daina ƙaiƙayi ba idan ya ga kuskure. Saboda haka da Rahama, matar marigayi abokin aikinsa Iliya, ta aiko cewa akwai rubutun da take so a karanta mata, sai ya soke bik ɗin a aljihu, ya hau taksi daga Yantala, ya ƙetare gada zuwa Harobanda, unguwar da ke hayin kogi a birnin Yamai.

Akwai kuma abin da ya ɗauko wanda ba a aljihu yake ba. Lokacin da yake darektan lakwal, wato shugaban makarantar boko, takardun jarrabawa sun ɓata a hannunsa, amma sunan Iliya ya sa a rahoto. Aka tura Iliya can gabas, bakin hamada, shekara shida. Ƙasimu bai taɓa faɗa wa kowa ba. Iliya ya dawo, suka ci gaba da gaisawa, naman Layya yana zuwa Harobanda, shinkafar Nowel, wato Kirsimeti, tana zuwa Yantala, har aka binne shi wata uku da suka wuce.

Ya iske Rahama a gindin mangwaro, idanunta sun yi fari da yana. Bayan gaisuwa da ruwan sanyi, ta miƙo masa wani tsohon kaye, irin littafin rubutun 'yan lakwal.

"Daga gabas ya dawo da shi," ta ce. "Muryarsa nake kewa, Mushe. Ku karanta mini."

Ƙasimu ya gyara tabarau. A shafin farko an rubuta: "Baba, yau ma ruwan rijiya gishiri ne. Kai ka ga dama ka kawo ni nan, sai ka faɗa mini dalili." Rashin ladabin ya sosa masa rai, don haka da ya buɗe baki sai ya ce, "Baba, ku kuka ga dama kuka kawo ni nan."

"Mushe, ba haka ya rubuta ba."

"Ɗan gyara ne na yi, Maman Zuwera. Ɗa ba ya ce wa mahaifinsa kai. Mu a Damagaram ko wan mutum ku ake ce masa."

Ta yi dariya har ta kama haɓar zanenta tana share ido. "Wane mahaifi? Iliya yana goye tsohonsa ya rasu. Da Ubangiji yake magana."

Ƙasimu ya yi istigfari a ƙasan numfashi. Ya san Allah makusanci ne, sau biyar a yini yake tsayawa gabansa, amma bai taɓa jin wanda ya kira shi Baba ba, balle ya nemi ya ba shi dalili. Ya so ya rufe kayen, sai dai son sani ya riƙe masa yatsa a tsakanin shafuka.

"Har da ƙarar rijiya yake kai masa?"

"Har da ciwon haƙori. Da safe idan yana ba tumatir ruwa sai in ji ana gardama a bayan ɗaki. In leƙa, shi kaɗai ne da bokiti."

"Kuma ana amsa masa?"

"Ni ma na tambaye shi. Ya ce ana amsawa, amma wani lokaci sai ta daɗe a hanya kamar wasiƙar gabas."

Ya ci gaba da karatu, wannan karon yadda aka rubuta. Kowace "kai" tana yi masa nauyi a harshe, amma yana mamakin mutumin da yake yi wa Mahaliccinsa godiya a kan kifi busasshe, a layi na gaba kuma ya ce masa, "Jiya ka yi shiru da yawa." A shafi na tara idonsa ya riga bakinsa, ya hango sunan kansa.

Ya tsaya. Rahama ba ta gani. Zai iya tsallake layin, ko ya yi masa irin gyaran da ya saba, ba wanda zai sani.

"Rubutun ya goge ne?" ta tambaya.

"Bai goge ba." Ya karanta: "Baba, ka san Ƙasimu ne ya ɓatar da takardun, ni ma na sani. Ka ce in yafe. Yau ban yafe ba. Gobe zan dawo mu sake magana."

A can waje mai kifi ya wuce yana kira da Zabarmanci.

"Gaskiya ce?" Rahama ta tambaya.

"Gaskiya ce, Maman Zuwera."

"A can na binne ɗana na fari," ta ce. "Asibiti ya yi mana nisa."

Ya aje kayen a tabarma, ya jawo takalminsa.

"Ina za ku? Ya ce gobe zai dawo. Ku karanta mini goben."

Ya karanta mata goben, da jibin. Ban yafe ba. Ban yafe ba tukuna. Wani shafin ma cewa ya yi, "Yau kada ka tayar mini da maganar." Sai kusa da bangon ƙarshe, cikin tawada dabam, bayan dawowarsu Yamai, aka rubuta: "Baba, Ƙasimu ya kawo nama da kansa. Na nemi haushin in gaishe shi da shi, ban same shi inda na aje ba. Kai ka ɗauke? Ba ka ko faɗa mini ba."

Ƙasimu ya rufe kayen. Rahama ta daɗe fuskarta tana wajen bayan ɗaki, inda tumatir ya bushe.

"Shi an ɗauke masa," ta ce. "Nawa haushin yau na same shi. Sai na kai wa Baba mun yi magana."

"To ni fa, me zan yi?"

"Akwai kaye goma sha ɗaya a cikin akwati. Ku dawo ranar Talata. Jan bik ɗin nan da nake jin kuna murzawa, ku bar shi a gida."