Rabin Gonar Mangwaro

Ranar da Teodosia Yarlequé ta tarar an garƙame ƙofar gonar da kwaɗo, mangwaro ya fara nuna, saura mako uku a soma tsinka. Ta tsaya da adda a hannu tana kallon sabuwar wayar shingen da aka ja tun daga bakin hanya har magudanar ruwa. Wasu maza biyu da ba ta taɓa gani ba suna zaune a bayan wata farar a-kori-kura, ɗaya yana feren ɗanyen mangwaro da wuƙa.

"Iya, ɓatan kai kika yi?" in ji mai wuƙar.

"Shekara bakwai ina bin hanyar nan."

"To, yau ta ƙare."

Da can wurin ƙaya ce da yashi, ko akuya ba ta daɗewa a ciki. Mai ƙasar, tsoho Don Hermógenes Valdiviezo (Don laƙabin girmama maza ne a can, na mata Doña), shi ya kira mijinta Melquíades suka rubuta yarjejeniya: su sassabe, su dasa mangwaro ɗari biyu, su rene su, in shekara bakwai ta cika bishiyoyin suna raye, rabin gonar na gefen ruwa ya zama nasu. Melquíades ya rasu a shekara ta biyar, ta ci gaba ita kaɗai. Bara tsohon ya bi bayansa, sai ɗansa Arquímedes ya dawo daga babban birnin Lima da waɗannan mutane biyu, ba wanda ya san aikinsu.

Ta koma gida ta ciro takardar daga ƙasan akwati, ta nufi wurin alƙalin sulhu. Don Nicanor Ipanaqué tsohon malamin makaranta ne, kotunsa ɗaki ɗaya ne a jikin gidansa, da tebur da tuta da fanka mai gurnani. Ya karanta takardar sau biyu, ya cire tabarau.

"Takarda dai lafiya lau. Shaidu biyu ne, ɗaya yana kabari, ɗaya Fortunato Sernaqué. Doña Teodosia, kin san da wa za ki ja?"

"Na san ubansa."

"Ba uban za ki tarar a nan ba."

Duk da haka ya rubuta sammaci, ya sa ranar Laraba ta sama.

Fortunato shi ke buɗe wa manoma ƙofofin ruwa, kowa da ranarsa, kuma shi ya riƙe 'yarta a coci ranar baftisma, shi ya sa yake ce mata komadre. Ta same shi a bakin magudana yana kwashe ciyawa. Har ta gama magana bai ɗago ba.

"Komadre, hannuna ne a takardar, ba zan ce ba nawa ba ne. Amma jikoki huɗu ke gidana. Shekaranjiya mutanen nan suka tsaya suka tambaye ni sunayensu ɗaya bayan ɗaya."

"Me suka ce?"

"Ba su ce komai ba. Sun gode, suka wuce."

Tun daga ranar, kullum da tsakar rana motar takan zo ta tsaya daura da gidanta. Mutanen ciki ba sa fitowa, ba sa magana. Teodosia tana sayar da giyar masara da soyayyen kifi, kuma in ta kafa farin ƙyalle a ƙofa, alamar giya ta samu, 'yan ƙwadago sukan cika rumfar. Yanzu sai su rage tafiya, su hango motar, su wuce kamar an aike su. Kwana uku tana zubar da giya a bayan gida. Ranar Lahadi karenta ya fita bai dawo ba. 'Yarta ta bugo waya daga birnin Sullana tana roƙonta ta haƙura ta komo wurinta da zama. Teodosia ta ce za ta duba, ta ajiye wayar.

Ranar Laraba ɗakin kotun bai cika ba, mutane sun tsaya can nesa a inuwar coci. Fortunato ya zo ya raɓe a bencin baya, hula a gwiwa. Arquímedes ya shigo cikin farar riga, ya gaida kowa da ladabi, har ya ja wa Teodosia kujera.

"Ranka ya daɗe, ni ban musa takardar ba," in ji shi. "Sa hannun babana ne. Amma ta ce bishiya ɗari biyu masu rai. Na ƙirga, ɗari da tamanin da takwas ne. Ita ta saɓa alkawari, ba ni ba."

Teodosia ta san bishiyoyin nan kamar yatsunta.

"Ɗari biyu na bari," ta ce.

Don Nicanor ya dubi ɗaya, ya dubi ɗaya, ya leƙa taga inda motar take. Sannan ya ɗauki hularsa.

"Ni lissafi na koyar shekara talatin, ba a yi mini ƙirge. Mu je."

Suka taka a ƙafa cikin rana, alƙali a gaba, mutanen motar biyu a baya, takunsu kawai ake ji. Arquímedes ya buɗe kwaɗon da kansa. Layi bayan layi bishiyoyin sun sunkuya da 'ya'ya, sai can ƙarshen gona, gefen ruwa, ga goma sha biyu a jere ganyensu ya ƙone, 'ya'yan sun zube sun yi baƙi. An tara sabuwar ƙasa a gindin kowacce.

Teodosia ta durƙusa ta sa hannu ta tone. An yanke ɓawon an zagaye gindin, yankan wuƙa mai kaifi, ƙasar kuma tana warin baƙin mai. Ta ɗebo ta miƙa wa alƙali, ya shinshina. Ta tone ta biyu da ta uku, duk haka.

"Cuta ce," in ji Arquímedes.

"Cutar nan ta iya riƙe wuƙa," in ji Don Nicanor. Ya juya. "Don Fortunato, yaushe rabonka da ganin bishiyoyin nan da ganye?"

Mai wuƙar ya matso ya tsaya dab da kafaɗar Fortunato, yana kallon sama kamar mai duba hadari. Fortunato ya murza hularsa har ta lanƙwashe.

"Ana gobe a sa kwaɗo ni na ba su ruwa," ya ce, murya can ƙasa. "Lafiyarsu ƙalau."

"Tun daga ranar, mabuɗin yana hannun wa?"

Yana rataye a yatsan Arquímedes.

Da suka koma bakin kotu, alƙali ya rubuta hukunci a kan murfin motar mutanen: ranar da shekara bakwai ta cika, tun kafin a sa kwaɗo, bishiya ɗari biyu suna raye, rabin gona na Teodosia ne, a janye waya cikin kwana uku. Ya ce wanda bai yarda ba, ƙofar babbar kotu a Sullana a buɗe take. Arquímedes ya karɓi biro ya sa hannu yana murmushi.

"Ba sai an kai can ba. Ƙasa taki ce, Doña. Allah ya ba da ruwa."

An janye wayar kamar yadda aka ce. Teodosia ta tsinki mangwaronta daga bishiya tamanin da takwas, ta sare matattun ta yi itace. Bayan wata ɗaya ƙungiyar masu ban ruwa ta yi taro, aka ce Fortunato ya tsufa, ya kamata ya huta. Hannuwa suka ɗaga, kowa kansa a ƙasa. Mabuɗin ƙofofin ruwa ya koma hannun mai wuƙar.

Alhamis ce ranarta, awa huɗu. Ruwa ya taho ya jiƙa layi biyu, sannan ya yi ta raguwa har ya zama taɓo. Ta jira har rana ta karkata. Alhamis ta biyu ko ɗigo bai zo ba, ganyen ƙananan bishiyoyin ya fara naɗewa.

Ta wanke ƙafa, ta sa hula, ta koma ɗakin kotu. Don Nicanor ya saurare ta har ƙarshe, ya jawo sabuwar takarda ya rubuta wani sammacin. Ya fita ƙofa ya kira mutum uku da ke wucewa don su kai sammacin, kowa ya ce yana da uzuri. Sai ya ninke takardar ya sa a aljihu, ya ce wa matarsa ta ajiye masa abinci, ya kama hanyar gidan Valdiviezo a ƙafa. Teodosia ta bi bayansa.