Idon Inna a Fuskar Ya'u

Innarmu Hure ba ta taɓa kiran sunan Yaya Ya'u ba. Ɗan fari ne, ita kuwa irin matan nan ce na garin Toranke da kunya ta yi wa katutu. Ko kallonsa ba ta yi. Tuwo ma ni take turawa da shi, ta ce, "Wasila, kai wa wancan."

Shekara ashirin da takwas ba wanda ya damu, sai da ciwo ya kama Yaya a kakar shekarar saba'in da shida. Ya fara jin muryoyi, ya bar zuwa gona, sannan ya kafe a kan cewa shi ba ɗan gidanmu ba ne, tsintarsa aka yi, don haka ba zai ci abincinmu ba. Kwana huɗu sai ruwa. Tsoro ya kama ni, ina kallon yayana yana ƙarewa a tsaye.

Ni da Inna muka kai shi Gaya ranar da wani likita ya zo daga Kano. Bayan ya rubuta magani, sai ya ɗaura makulli a zare yana lilo da shi, ya ce Yaya ya bi shi da ido. Idon ba ya tafiya sumul, sai ya tsaya, sannan ya yi tsalle ya cim ma makullin. Likitan ya gwada ni, nawa lafiya lau. Da ya zo kan Inna, ya daɗe yana lilon.

"Iya, naki ma haka yake," in ji shi. "Kada ki tsorata. Yakan bi jini, kuma da yawa masu shi lafiyarsu ƙalau."

Na zaci kuka za ta fasa, ta ce ita ta jawo masa. Ina! Cewa ta yi, "Likita, sake yi masa in gani."

Matar da ba ta haɗa hanya da ɗanta, ita ce ta durƙusa a gabansa, cikin mutane, ta zuba wa idonsa ido.

"Ya'u," ta ce, sunan ya fito da ƙyar. "Ka ji likita? Idona ne a fuskarka. A ina aka tsinto ka da shi?"

Bai warke ranar ba, kada in yi ƙarya. Amma da ta buɗe kwanon furar da muka zo da ita ta miƙa masa da hannunta, ya daɗe yana kallonta, sannan ya ce a hankali, "Inna, sake faɗa."

Ta sake kiran sunan. Ya karɓi furar.