Ɗinkin Bahaguwa

Wata biyu da rasuwar Inna, 'yata ta kai ni ƙaramin gidan nan da aka mayar gidan tarihi. Ɗaki biyu ne da madafi. Inna ta yi aikatau a cikinsa shekara goma sha ɗaya kafin ta haife ni.

Matar da ke yi wa baƙi bayani ta nuna wani zanen gado mai faci-faci, ta ce uwargidan ce ta ɗinka shi da hannunta.

Na ɗaga igiyar da aka gitta, na nufi gadon.

"Mama, ba a taɓawa!" in ji matar.

'Yata ta riƙo ni. "Umma, don Allah, korar mu za su yi."

Na fizge, na juya bakin zanen, na dubi matar. "Yarinya, dubi zaren nan. Ina ya karkata?"

"Mama, zan kira mai gadi."

"Kira shi, shi ma yana da ido. Uwata bahaguwa ce, daga hagu take fara ɗinki. Duk rigar da na sa ina ƙarama haka bakinta yake."

Mai gadi ya iso ƙofa. Ban saki zanen ba. Matar ta sunkuya, ta daɗe tana dubawa, sannan ta ɗaga masa hannu ya dakata.

"Ba ni da ikon canza rubutun bayanin zanen yau," ta ce, tana lalubar biro. "Amma faɗa mini sunanta."