Yaya a Shirin Kawu Mai Jaka

Auta tana durƙushe a tsakiyar ɗakin ajiya, ƙura har gwiwar hannu, lokacin da Manaja ya leƙo ya sake jaddada mata cewa motar masu kwasar tarkace za ta iso ƙarfe huɗu. Duk abin da suka tarar a ɗakin, in ji shi, ya zama nasu, don ana so a yi fenti a zuba kwamfutoci.

Shekara tara ke nan tana aiki a sashen adana shirye-shirye na gidan talabijin ɗin, amma ba ta taɓa buɗe kwalayen da ke can ƙurya ba. Tsofaffin kaset-kaset ne a ciki, manya kamar bulo, wasu sun girme ta. Yau ma da ba don Yaya ba, da ta bar su sun tafi.

Yayanta tela ne, kuma duk wanda ya taɓa zama a bencin shagonsa ya san labarin. Yana ɗan shekara bakwai mahaifiyarsu ta kai shi shirin yara na ranar Asabar, Kawu Mai Jaka ya zaɓe shi cikin yara arba'in, ya yi masa tambaya, ya amsa daidai, aka ciro masa motar gwangwani ja daga cikin jakar nan. 'Ya'yansa har sun haddace, da ya ɗauko zancen sai su riga shi ƙarasawa. Amma da safen nan da ya kira Auta, ba maganar mota ya yi ba. Cewa ya yi ranar Mama tana zaune a layin iyaye, goye da Auta, wataƙila kyamara ta ɗauke ta.

Auta tana da shekara uku mahaifiyarsu ta rasu. Hoto ɗaya ta bari, shi ma ruwa ya taɓa shi, fuskar ta zama kamar an shafe ta da yatsa.

Wajen azahar ta tarar da kwalin. An rubuta sunan shirin da shekarar a gefensa, kaset uku ne kawai a ciki. Ta rungume su ta gangara ɗakin gyara, wurin Baba Injiniya, wanda ya kama aiki a gidan tun zamanin baƙi da fari, saura masa wata biyu ya yi ritaya. A ƙarƙashin teburinsa akwai na'ura ɗaya tilo da ke cin irin wannan kaset, ya lulluɓe ta da tsohon labule don kada a sa ta cikin tarkace.

Ya juya kaset ɗin a hannu, ya shinshina, ya ce sun yi fumfuna. In ma sun yi aiki, sau ɗaya za su yi, don haka ta saita wayarta a gaban allon tun kafin ya danna.

Na farko an ɗora wani jawabi a kansa, mutum ɗaya a bayan teburi yana ta karatu. Na biyu ya yi ƙugi, ya yi ruwa-ruwa, can sai kiɗan buɗe shirin ya tashi, molo da usur. Nan take Auta ta tuna falon maƙwabcinsu, yara sun fi ashirin a ƙasa, takalma jibge a bakin ƙofa, ana aika babba ya juya eriya a waje yana tambaya ko ya yi.

Kafin a gama kiɗan ƙofar ɗakin ta cika. Ga mai shara da tsintsiyarta, ga direba, ga mai karanta labarai da hodarta a fuska, kowa leɓensa yana motsi. Kawu Mai Jaka ya fito da doguwar hularsa yana jan jakar kamar ta fi ƙarfinsa. Auta ta yi mamakin ƙanƙantarsa, a tunaninta ƙato ne. Dajin da ke bayansa kuwa, wanda ta sha mafarkinsa, ashe falanki ne da aka zana wa bishiya biyu.

Direba ya ce shi saboda jakar nan ya taɓa shan duka, ya yanka jakar babansa yana neman alewa. Baba Injiniya ya ce ai tsofaffin jaridu ne a ciki, kyauta ɗaya tak ake sakawa a sama. Kawun ma ciwon kai ne da shi, kafin a shigo da yara sai ya haɗiyi ƙwaya biyu ya toshe kunne ɗaya da auduga. Mai shara ta ce don Allah ya bar musu yarintarsu haka nan. Aka yi dariya. Yaya dai ba ya cikin wannan kaset.

Ƙarfe uku da rabi aka saka na uku. Masu kallo sun watse, kowa ya koma bakin aikinsa. An yi waƙa, an yi wasan kujeru, sannan Kawu ya bi layi yana kaɗa yatsa, ya tsaya a kan wani yaro mai manyan kunnuwa da riga mai aljihu biyu. Auta ba ta buƙaci a gaya mata ba. Kunnuwan suna nan har yau.

Kawu ya durƙusa ya tambaye shi sunansa. Yaron ya kalli kyamara, ya kalli fitilun sama, bakinsa ya fara rawa. Aka sake tambayarsa. Sai ya ɓarke da kuka yana kiran Mama.

Daga gefen allon wata mata ta shigo, siririya, goye da jaririya mai hular ulu. Dariya take yi, tana rufe baki da bayan hannu. Ta kamo yaron ta manna shi a jikinta.

"Yi haƙuri, Kawu," in ji ta. "Wallahi a gida ba ya barin kowa ya yi magana."

Baba Injiniya ya waiwayo ya dubi Auta.

"Wannan ai muryarki ce," in ji shi.

Auta ta ƙara matso da wayar kusa da allon. Matar ta ja yaron suka fita, aka kira wata yarinya, ta amsa tambayar, aka ciro mata littafi daga jakar. Babu mota a shirin ko kaɗan. Jim kaɗan na'urar ta yi ƙara, allon ya yi shuɗi. Baba Injiniya ya buɗe murfin, ya zaro zaren kaset ɗin a tsinke, ya girgiza kai.

Masu kwasar tarkace sun zo a kan lokaci. Auta ta tsaya har suka gama, ta sa hannu a takarda, ta wanke fuska, ta shiga bas. Yaya ya kira sau uku ba ta ɗauka ba. A hanya ta gwada yanke hoton don ya fara daga shigowar Mama, amma ko ta ina ta yanka, yaron yana nan a jikinta yana kuka. Ta bar shi yadda yake.

Ta sami Yaya a kan keken ɗinki, awo rataye a wuya, wata mata zaune a benci tana jiran kayanta. Ta miƙa masa wayar. Ya ɗora tabarau, ya kalla har ƙarshe, ya sake kallo. Ƙafarsa ta sauka daga kan keken.

"Ashe ban amsa ba," in ji shi.

"Ba ka amsa ba, Yaya."

"To motar fa? Na yi wasa da ita har tayoyinta suka cire."

Auta ta ce ba ta sani ba. Ya shiga murza zaren da ke jikin wandonsa. Can ya ce ya tuna akwai mai sayar da kayan wasa a bakin ƙofar gidan talabijin ɗin, ƙarƙashin wata lema. Mama ta tsaya a wurin, shi yana ta shessheƙa. Da suka isa gida ita ce ta fara gaya wa mahaifinsu cewa Kawu ne ya ba shi motar.

Auta ta ce in yana so, akwai wanda zai iya gyara hoton a wurin aiki, a fito da Mama ita kaɗai, 'ya'yansa ba sai sun ga sauran ba.

"Kada ki taɓa komai," in ji shi. "Turo min haka. Su yi dariyarsu."

Matar da ke benci ta gyara murya, ta tambaya ko rigarta za ta samu yau.

"Gobe, Hajiya, in Allah ya yarda," in ji Yaya, bai ɗago ba. Ya matsa ya ba Auta rabin kujerarsa. "Mayar min da shi baya kaɗan, wurin da take magana."