Karatu da Sunan Hanan

Rezon waya ya sake ɗaukewa daidai lokacin da shafin ya kusa buɗewa. Raliya ta ɗaga wayar sama, ta taka bulo biyu da ke jingine da katanga, ta juya gabas, ta juya wajen kogi. A ƙasa tattasai ya yi jajir a kan tabarmi cikin rana, yajinsa yana shiga hanci.

"Ki sauko kafin ki faɗo mini a kan kayan mutane," in ji mahaifiyarta Bintu, tana cire wa tattasan hanci ba tare da ta ɗago kai ba.

"Inna, saura kaɗan."

"Tun sati uku nake jin saura kaɗan."

Shekara huɗu ke nan da suka baro Tumur, ranar da 'yan bindiga suka shigo garin. Gonar mahaifinta Umara tana can bakin Komadugu, ba mai iya zuwa. A Diffa suna zaune a kangon Hajiya Zeinabu, 'yar Damagaram mai babban shago a kasuwa. Ɗaki biyu ne babu filasta, amma akwai ƙofa da rufi. Ba ta taɓa neman haya ba, sai dai Bintu na gyara mata tattasai. A nan Raliya ta ƙarasa makaranta har ta ci bak, jarrabawar ƙarshen sakandare, daga nan hanya ta tsaya, don babu halin zuwa jami'a a Zinder.

Da ta ji ana karatu kyauta ta intanet, sai barci da abinci suka fita ranta. Shafi ɗaya ta bi shi kwana biyar kafin ta gano darasi ne kyauta, takardar shaida kuwa sai an biya. Wani duk bidiyo ne da Turancin Ingilishi, wayarta mai tsagaggen gilashi tana yin zafi ta mutu. Akwai wanda ya nemi hoton katinta na ɗan ƙasa tun kafin ya nuna mata komai, ta rufe shi da sauri. Sai a sati na uku ta dace da na wata jami'a ta nesa: da Faransanci, darussa a rubuce, ana sauke su a karanta ba rezo, takarda kyauta. Cikin kwasa-kwasan har da na gano tamowa a jikin yara ƙanana. Ta karanta bayanin sau uku a kan bulon nan.

Matsala ɗaya ce. Jarrabawar ƙarshe sai da kwamfuta, kuma ranar Juma'a za a rufe rajista.

*

Hajiya Zeinabu tana zaune a bayan kantar shagonta, fanka na kaɗa mata mayafi. Ta saurari Raliya har ƙarshe, tana murmushi.

"Kai, 'yata, Allah ya yi miki kai. Ga kwamfutar Hanan can tana shan ƙura, ga wifi a gida. Ki zo kullum, gidanku ne."

Raliya ta durƙusa tana godiya.

"Sai dai abu guda," Hajiya ta ce, ta rage murya. "An faɗa mini wata ƙungiya za ta ɗauki ma'aikatan tamowa bayan damina. Ƙanwarki Hanan ga ta nan zaune, takarda kawai ta rasa. Ki fara yi da sunanta. Naki ya biyo baya, ai ke kin riga kin san hanya."

"Hajiya, ai ita ma za ta iya shiga. Sai mu yi tare."

"Hanan? Ba ta iya zama minti goma." Ta yi dariya, sannan ta gyara zama. "Yaya babanki? Jiya ma wani soja ya zo yana tambayar kangon nan, wai zai kama haya. Na ce masa akwai mutanena a ciki."

Raliya ta fito, ta bi layin masu kifi, ta dawo, ta sake bi, ba ta san abin da take nema ba. A gida ta tarar da mahaifinta yana gyaran igiyar guga. Ta faɗa masa komai. Ya daɗe yana murza igiyar.

"Da a Tumur ne, da na san amsar da zan ba ta," ya ce. "Ga damina ta taho, Raliya. Ina zan kai ku?"

Ranar Alhamis ta cika rajista. A gurbin suna ta rubuta Hanan Ibrah. A gurbin waya ta sa tata lambar, don ta nan ake turo saƙon darasi.

*

Wata uku ta yi tana karatun. Da safe ta taya Inna aiki, da hantsi ta wuce gidan Hajiya, ta zauna a kan tayil a falo, kwamfuta a cinya, tana addu'ar kada wutar kuran ta ɗauke. Hanan takan kwanta a kan kujera tana kallon wayarta. Ba muguwa ba ce. Takan kawo wa Raliya lemo mai sanyi, ta leƙa allon ta ce, "Wallahi ke dai kina da ƙoƙari," ta koma.

Raliya ta koyi auna dantsen yaro da ɗan ma'aunin nan mai kala uku, ja da rawaya da kore. Ta yanka kwali ta yi nata, ta bi yaran unguwa tana gwadawa har suka fara gudu in sun hango ta. Malamar kwas ɗin, wata likita da ba ta taɓa ganin fuskarta ba, ta rubuto mata: "Hanan, amsoshinki sun nuna kin san abin da kike magana a kai." Raliya ta karanta, ta tashi ta fita tsakar gida, ta zagaya, ta dawo ta zauna.

Ta ci jarrabawa da maki mafi yawa a rukuninsu. Hajiya ta sa aka buga takardar a kan kati mai ƙyalli, ta aiko wa Bintu turmin atamfa.

Da aka sake buɗe rajista, Raliya ta shiga tun ranar farko, ta rubuta sunanta na gaskiya harafi bayan harafi. Shafin ya dawo mata da jan rubutu: mai wannan lamba ta riga ta amfana da gurbin kyauta. Ta gwada da lambar babanta, aka karɓa. Ta je gidan Hajiya, aka ce kwamfutar tana wurin Hanan, yanzu da ita take aiki. Ƙungiyar ta ɗauki Hanan aiki.

*

Uwani 'yar yayan Raliya ce, watanta goma sha huɗu. Bayan damina ta daina cin abinci, gashinta ya yi ja, amma kumatunta da ƙafafunta suka cika. Uwarta tana murna wai yarinya ta fara ƙiba. Raliya ta duba ta sau ɗaya, ta goya ta, ta ce su tafi.

Cibiyar duba tamowa tana bakin gari, rumfar tamfol ce mata sun cika ta. A teburin farko Hanan ce zaune, da riga mai tambarin ƙungiya. Da ta ga Raliya sai ta sunkuyar da kai, ta jawo hannun yarinyar, ta zagaya ma'aunin can sama kusa da kafaɗa, sako-sako.

"Kore ne," ta ce. "Lafiyarta lau. Ku duba ma yadda ta yi ɓul-ɓul. Mai bi!"

Uwar Uwani ta fara gyara zane za ta goya. Raliya ta waiga ta ga layin da ya wuce kafin su, mata suna fita da yara a baya. Nawa aka ce wa kore tun safe? Ta matso, ta sunkuya kamar mai gaisuwa.

"Danna bayan ƙafarta da babban yatsa," ta ce a hankali. "Ki ƙirga uku."

"Me ya sa?"

"Ki danna dai, Hanan."

Hanan ta danna, ta ɗaga. Gurbin yatsan ya zauna a ƙafar kamar a cikin ƙullu.

"Kumburi ne. Ki rubuta mai tsanani, a kai ta asibiti yanzu."

Hanan ta rubuta. Shugaban cibiyar, Mahaman, ya zo wucewa, ya duba ƙafar, ya duba takardar.

"Madalla, Madmazel Hanan. Da yawa ba sa lura da wannan. Ba banza kika zo ta ɗaya ba."

Da ya wuce, Hanan ta riƙo gefen hijabin Raliya. Idanunta sun kawo ruwa.

"Don Allah kada ki tafi. Ban san komai ba, tsoro nake ji. Tun ran Litinin nake jin tsoro."

Uwani ta yi kwana tara a asibiti, ta tashi. Ranar da aka sallame su Hajiya ta aiko a ce wa Umara ya ba da Raliya ta riƙa raka ƙanwarta wurin aiki, tunda zaman banza take yi.

Yanzu kullum ƙarfe bakwai da rabi suna isa tare. Raliya tana zama a kan wani benci a bayan kujerar Hanan, kusa da randar ruwa. In Hanan ta auna yaro sai ta ɗan waigo, Raliya ta gyaɗa kai ko ta girgiza. Ran nan sabon mai gadi ya tare ta a ƙofa, ya ce ba a shiga sai ma'aikata da masu yara.

"Bar ta, tare muke," in ji Hanan, ba ta kalli kowa ba. "Ita ke riƙe mini jaka."

Mai gadin ya matsa. Raliya ta gyara jakar a kafaɗa, ta bi bayanta.